Jaket mai nauyi

Shekara ashirin da shida Hawawu ta yi tana sayar da atamfa a kasuwar Kumasi kafin ta ƙetare teku ta koma unguwar Tremont, kusa da Manhattan, wurin 'yarta Rukaya. Ba ta taɓa sayen yadi ba sai ta murza shi, ta ɗaga shi a haske, ta ɗan lasa gefensa. Kayan kirki, in ji ta, da nauyinsa ake gane shi.

Rukaya nas ce, kuma tun da ta girma ta daina neman shawarar uwar a kan komai. Sai ga shi wata Asabar ta ce, "Mma, zo ki raka ni. Za mu hau dutse da abokan aikina can arewacin jiha, jaket nake so wadda ruwa ba ya ratsawa. Ke kika san kaya."

Hawawu ta yafa gyalen da take zuwa biki da shi.

A wani shago a Manhattan, mai sayarwa ta miƙo musu wata shuɗiya shara-shara. Ta zuba ruwa a hannun rigar, ya gangare kamar a kan ganyen gwaza. Ta nuna ɗinkin da aka liƙe ta ciki, da zif ɗin hammata don gumi ya fita.

Hawawu ta murza. Da matar ta juya baya, har lasa ta yi.

"Leda ce wannan. Ko burodi ba zan ƙulla a ciki ba."

"Mma, duk masu hawa irinta suke sawa."

"Su ɗin iyayensu sun yi kasuwa?"

Ta zagaya can ƙarshen shagon ta ciro wata mai kauri, cike da auduga, har gwiwa. "Ɗaga ki ji. Ga shi ta rufe miki baya, ba kina hawa maza na bin ki da ido ba."

Rukaya ta dubi shuɗiyar, ta dubi uwar cikin gyalen biki, ta ce to.

Ana cewa uwa ta fi kowa sanin abin da zai rufe jikin 'yarta. Faɗa dai ake yi. Atamfa ba ta taɓa hawa dutse ba, Hawawu ma haka.

Rukaya da abokan aikinta suna tsakiyar hawa ruwa ya sauko. Audugar ta sha ta ƙoshi, iska ta bi ta ciki, Rukaya ta kama rawar sanyi har magana ta gagare ta. Mutum biyu suka fasa kaiwa ƙololuwa suka sauko da ita. Nuriyya, abokiyar aikinta da ta kawo ta gida, ita ta ba Hawawu labarin. Rukaya cewa kawai ta yi, "An yi ruwa."

Sai da hannu biyu Hawawu ta iya ɗaga jaket ɗin daga baho. Kwana uku tana ɗiga.

Bayan wata guda ta buɗe kabad ta tarar da shuɗiyar a rataye. Rukaya ta koma ta sayo ta, wannan karon ba wanda ya ce ta zo rakiya. Rukaya na wurin aiki, don haka ta ɗauko buta ta zuba ruwa a hannun rigar, ta tsaya tana kallo yana gangarewa. Ta goge ƙasa, ta mayar da rigar yadda ta same ta.

Da la'asar ta ce, "Shuɗiyar nan ba laifi."

"Eh, Mma," in ji Rukaya, tana kwance igiyar wasu sababbin takalman hawa da Hawawu ba ta san ranar da aka sayo su ba.