Sakatar Firizar Inna

Shekara goma sha ɗaya Inna tana sayar da ɗanyen kifi a ɗan shagonta, kuma tun da sifirin ɗin da ke riƙe murfin firizarta a buɗe ya mutu, da ka take tokare shi. Ta sunkuya, murfi a ƙeya, hannu biyu cikin ƙanƙara. Ranar da ya suɓuce ya fasa mata goshi, 'yarta ta zo a fusace.

"Inna, ko dai a gyara shi yadda za ki iya buɗewa da rufewa ke kaɗai, ko a rufe shagon ki dawo wurina."

Inna ta tsani zaman nan tun kafin ta fara shi: kujera, talabijin, da "sannu Inna" sau ashirin a wuni.

Mai gyara ya zo da jakarsa, dattijo ne marar yawan magana. Ya sa sabon sifirin, murfi ya tsaya cak da kansa. Ya canza robar baki. Saura sakata, don murfin ya ɗan karkace, sai an ɗame shi yake riƙe sanyi. Ya ɗaura wata 'yar gajeriya mai ƙyalli.

"Wannan ita ce mai kyan. Bismillah, gwada mu gani."

Nan fa ake yin ta. Yatsun Inna sun daɗe da ƙagewa saboda ciwon gaɓoɓi, ɓoyewa kawai take yi a bakin mayafi. Ta kama sakatar ta ja, ko gezau. Ta sake ja, zafi ya harba har kafaɗa. 'Yar tana tsaye a bayanta. Tsoro ya kama Inna sosai, ta hau gyaran ɗankwali don ta sami abin yi da hannun.

Mai gyara ya kalli yatsun sau ɗaya, ya kau da kai. Ya ja sakatar da kansa, ya yi nishin da ko buhu ya ɗaga sai haka.

"Kai! Jabu aka ba ni. Wannan ko ɗan dambe ba zai buɗe ta ba."

Ya kwance ta, ya tono wata tsohuwa mai dogon hannu, mummuna kamar ludayi, ya ɗaura ta. Inna ta danna da gefen hannu, murfi ya ɗame. Ta tura, ya saki. Sau uku ta yi, har da juyowa ta harari 'yar.

"To, kin gani?"

"Na gani. Shago naki ne."

'Yar ta raka mai gyara waje. Inna tana goge murfin, ta jiyo muryar 'yarta ta taga, ƙasa-ƙasa.

"Baba, na gode da ƙaryar nan. Wata shida ke nan ko kofi da ƙyar take riƙewa. Don Allah kar ka gaya mata na sani."