Jarkar Alhaji Wakili

Shekara arba'in da biyu Alhaji Wakili ya yi a unguwar New Bell ta Duwala yana dillancin albasa, amma bai taɓa yarda ruwan Duwala ya wuce maƙogwaronsa da son ransa ba. Wanka dai yana yi da shi, Iyatu matarsa ta yi masa tuwo da shi ya ci yana kau da kai. Sha kuwa, a'a. A cewarsa garin da sama ke zuba wata da watanni ba hutawa, ruwansa ya gaji tun kafin ya iso famfo.

Ruwan da yake sha daga Wuro Ɓoɓɓo ake kawo masa, ƙauyensu can gaba da Marwa, daga rijiyar da kakansa ya haƙa. Direbobin motar albasa sun gaji wannan aiki ɗaya bayan ɗaya, har ya faɗo kan Yusufa, wanda duk wata sai ya cusa jarkoki biyar masu launin ɗorawa a tsakanin buhuna. Ruwan kan iso da ɗumi da warin albasa. Alhaji ya kurɓa ya lumshe ido, ya ce yau ya je gida ya dawo.

Shaidarsa a baki take. Haƙoransa ja ne jawur kamar na tsohon maciyin goro, alhali goro bai dame shi ba. Haka na uwarsa suke, haka na duk wanda aka haifa a Wuro Ɓoɓɓo. Hatimin garinmu, yake kiransu. Ya taɓa tsayar da wani baƙo a unguwar Ndogpassi don kawai ya yi murmushi, kuma da aka bi salsala ɗan ƙanwar maƙwabcinsu ne.

Abu na biyu da yake taƙama da shi sujada ce. A masallacin unguwa gurbinsa daidai bayan liman yake, har darduma ta koɗe a inda goshinsa ke sauka. Can ƙarshen sahu jikin bango kuwa akwai kujerun roba huɗu na waɗanda ƙafa ta ƙi. Alhaji ne ya raɗa musu suna Majalisar Dattawa, ya naɗa Idirisu tsohon mahauci shugabanta. Kullum aka fito sai ya tare shi a bakin ƙofa.

"Ranka ya daɗe, yau wace doka kuka zartar?"

"Ka jira, Wakili," in ji Idirisu. "Mun ajiye maka kujera."

"Ni? Ni da na sha ruwan Wuro Ɓoɓɓo? Goshina da ƙasa sai ranar da kuka ɗauke ni."

To, gwiwa ba ta ji wannan rantsuwa ba. Ta fara da ƙara, sai baya ya karɓa, sai wuya. Aka kai in za a kira shi daga baya sai ya juyo gaba ɗaya kamar mai talla da faranti a ka. Ya zauna ya yi nazari, ya gano matsalar da kansa: ruwan ne ke rasa ƙarfi a doguwar hanya. Sai ya sa Iyatu ta riƙa tafasa shi har ya ƙone rabi, ta zuba ganyen shayi baƙi ƙirin, yana sha safe da yamma a matsayin magani.

"Alhaji, gas ɗina fa?" in ji Iyatu.

"Gas ko mijinki?"

Ta dube shi, ta dubi tukunyar gas ɗin, kuma kallon tukunyar ya ɗan daɗe fiye da yadda ya so.

Ranar wata Laraba da la'asar ya tafi sujadar ƙarshe, ya nemi ya ɗago, jiki ya ce ba da shi ba. Liman ya yi tahiya ya sallame, Alhaji na nan goshi a ƙasa. Jama'a suka ɗauka addu'a ce ta yi daɗi, suka riƙa ratse shi a hankali, wani ma har da cewa Allah ya sa mu a ciki. Idirisu ne kaɗai ya lura da yatsun hannunsa na bugun darduma.

"Ku ɗaga shi, jama'a! Ba ibada ba ce, maƙalewa ya yi!"

Ƙarti biyu suka kai shi gida a naɗe yadda suka same shi. Kunyar ta fi ciwon zafi.

Washegari Najiba 'yarsa, wadda ke aikin ofis a Bonabéri, ta ɗauki hutu ta zo da tasi, don mai babur ya duba yadda Alhaji ke ɗaga ƙafa ya ce shi ba zai iya ba. Likitar da suka samu 'yar Garwa ce, Dokta Zulaiha, Hausarta da ɗanɗanon Fulatanci. Ta lanƙwasa gwiwar, ta matsa bayan, sannan ta ce, "Baba, buɗe baki."

"'Yata, gwiwa ce ke ciwo."

"Na ji. Buɗe dai."

Ya buɗe da alfahari. Ta daɗe tana kallo, ta tambaye shi garinsu, ta tambayi ruwan da yake sha. Najiba ta rufe fuska da tafin hannu tun kafin ya fara. Ya kwashe labarin jarkoki da Yusufa da tafasawa ya faɗa, yana jiran yabo. Likita ta sa aka ɗauki hoton ƙashi, ta ce a kawo mata ruwan a kwalba a gwada.

Bayan mako suka koma. Likita ta ɗaga hoton a fitila, ƙasusuwan bayansa fari fat.

"Kin gani ko?" ya ce wa Najiba. "Kamar dutse!"

"Abin da ya dame ni ke nan, Baba," in ji likita. Ta yi masa bayani a hankali. Akwai wani sinadari, fluor, shi ne ake sawa a man goge baki. Kaɗan ɗinsa na kare haƙori. Amma wasu rijiyoyin na ɗebo shi da yawa daga duwatsun ƙasa, kuma in mutum ya shekara da shekaru yana sha, yakan rina haƙora tun yarinta, ya taru a ƙashi, ya sa gaɓoɓi su sandare. Ruwan da ya kawo ya ninka abin da ya kamata sau da yawa. "Tsufa ma da nasa hannu, ban ce babu ba. Amma tafasawar nan da kake yi, ruwan ne ke tashi, shi yana zaune. Ga shayin ma da nasa a ciki."

"Papa, tu entends?" in ji Najiba. "Kana ji? Wata shida kana ƙara wa ciwon ƙarfi da gas ɗin Mama."

"Rijiyar kakana ce," ya ce. "Garinmu kaf ita muke sha."

"To tsofaffin garinku, yaya suke tafiya?"

"A sunkuye mana. Mu mutane ne masu ladabi, kowa ya san..."

Bai ƙarasa ba. Uwarsa ce ta faɗo masa a rai, yadda ta shekara goma sha biyar tana salla a kan turmi a kife, ba ta iya waiwaye. Duk zuwan da ya yi gida shi ke ja mata guga da hannunsa, ya miƙa mata ta sha ta sa masa albarka. Can ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa, ko zai sake kai goshi ƙasa.

Likita ba ta yi masa ƙarya ba. In ya daina sha, ciwon na iya sauƙi a hankali. Abin da ya riga ya sandare kuwa ba ta yi alkawari ba. A yanzu dai kujera. Wanka da alwala da ruwan babu laifi, ciki ne kawai ba ya so.

Kwana tara bai leƙa masallaci ba. Ya buga wa wansa Hamman waya a ƙauye ya ce a daina ba yara ruwan rijiyar har a gwada ta, Hamman ya yi dariya ya ce Duwala ta gama da shi. Ya sake bugawa washegari, da jibi, har Hamman ya ce to, a turo masu gwajin. Yusufa ya iso da jarkoki biyar, Iyatu ta tare shi a ƙofa da muciya a hannu.

"Bidon ɗaya ya shigo gidan nan, Yusufa, sai na juye maka shi a ka."

"Bar shi ya shigo da ɗaya," in ji Alhaji daga ciki. "Na alwala."

Ranar ta goma ya ji kiran azahar, ya zauna ya yi alwala da ruwan garinsu, ya kurkure baki ya tofar, abin da bai taɓa yi da zuciya mai nauyi haka ba. Sannan ya ɗauki tsohuwar jarka marar komai, ya murɗa murfinta tam, ya fita yana jan ƙafa. Kujerar roba dai ya rantse ba zai hau ba, kuma bai ga inda aka ambaci jarka a rantsuwar ba.

Ya wuce gurbinsa na bayan liman, inda wani tela ya riga ya shimfiɗa kansa, ya je jikin bango ya dire jarkar kusa da kujerar Idirisu. Da ya zauna sai ta yi wata ƙara, ɓum, kamar an bugi ganga. Kafaɗun sahun gaba suka yi ta rawa, liman ma sai da ya gyara murya sau biyu kafin ya yi kabbara.

Da aka zo sujada kowa ya tafi ƙasa ya bar su su biyar a sama. Alhaji ya sunkuyar da kai iyakar inda baya ya yarda, kamar yadda uwarsa ke yi, yana kallon darduma can nesa da goshinsa.

Aka sallame. Ya ƙi duban kowa, yana jiran abin da ya shekara yana shukawa. Idirisu ya ɗora masa hannu a gwiwa.

"Ranar farko ce mai wuya, Wakili. Ni kuka na yi."

"Ni ban yi ba," in ji Alhaji, yana goge ido da hannun riga.