Lahadi Tara a Hannun Akuya

Daren jiya mafarki ya kai ni wani gari inda ba a cacar tseren dawaki da kuɗi, sai da kwanaki.

Bari in faɗi ko ni wane ne a farke, don a gane ni a cikin barci. Sunana Illiya, gyaran babur nake yi a Gusau. Shekara biyu ke nan ina zuba 'yan kuɗi a kan dawakin da ke gudu a cikin wayata, waɗanda ko warinsu ban taɓa ji ba. Ban taɓa kiran kaina ɗan caca ba. Mai iya ciniki nake ce wa kaina, don ba na zubawa sai inda aka yi garabasa: wannan kamfani ya ƙara wa doki farashi, wancan ya ce zai mayar da kuɗi in doki ya zo na biyu, ni kuma in bi su ɗaya bayan ɗaya ina aunawa. Garabasa mai tsoka ranar Lahadi take fitowa. Lahadi kuwa ita ce ranar da na saba zuwa Kwatarkwashi in yi wa mahaifina aski, tun da hannunsa ya fara rawa. Rabona da zuwa mako shida.

Sai ga ni a filin sukuwa da rana tsaka. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tashi yana tafiya sama, saboda haka kowa ya kife lemarsa ya tsaya a cikinta. Ban ga abin mamaki ba. Na naɗe ƙafar wando na wuce.

Rumfunan caca uku ne, duka awaki ke riƙe da su. A ta farko wani bunsuru mai tabarau ya ce in fito da abin da na zo da shi. Na laluba aljihu na ji kwanakina a ninke kamar tsofaffin takardu. Ya shinshina Litinin, ya shinshina Alhamis, ya turo mini su, wai waɗannan na masu babura ne, ba nawa ba. Lahadi kaɗai ya ɗora wa kofato. Ya ce in dokina ya ci, ɗaya za ta haifi shida.

Na janye abata. Ba a saye a rumfar farko.

A ta biyu jar akuya ce tana tuƙa. Ta ce bakwai, kuma in dokin ya zo na biyu za a mayar mini da ranata, sai dai da yamma za ta fara. Na nemi ganin sharuɗɗa, kamar yadda na saba. Ta ce an rubuta su a bayan wata tururuwa, tururuwar kuma ta tafi ta'aziyya.

Ta uku tsohuwa ce, gashin haɓarta har ƙirji. Ba ta ɗago kai ba ta ce duk abin da maƙwabta suka faɗa, ta ƙara biyu. Na koma wurin bunsuru na gaya masa, na koma wurin ja na gaya mata, na yi ta kai da kawowa har ruwa ya cika mini takalmi ta ƙasa. Babu wanda ya haura tara. Na miƙa wa tsohuwar Lahadina, ina jin daɗin nan da mutum ke ji in ya san babu wanda ya fi shi samun sauƙi a kasuwa. Na zaɓi wani akawalin doki mai suna Sannu-Sannu.

A nan ne na ga Baba. Yana zaune kan tabarma a bakin filin, tawul a wuyansa, rabin kansa shafe da kumfa.

“Illiya, sabulun ya fara bushewa,” in ji shi.

“Baba, bari a gama wannan zagayen. Guda tara zan kawo maka.”

Ya shafa inda ba kumfa. “Ai kan nawa ɗaya ne.”

Aka busa usur. Dawakan suka tashi da baya da baya, mahaya na fuskantar wutsiya, domin a garin nan wanda ya riga isa jiya shi ne ya ci. Jama'a suka yi tsit, sai ƙarar kofato tana komawa cikin ƙasa. Sannu-Sannu ya isa jiya tun sauran suna hantsin yau.

Tsohuwar ta zaro mini Lahadi tara, sababbi fil, suna warin tawada. Na rungume su na nufi ƙofa. Wani jaki mai hular gadi ya tare ni cikin ladabi, ya ce kwanakin garabasa ba sa fita filin sai an sake zuba su sau uku. Na ce ba a gaya mini ba. Sai ga tururuwar ta dawo daga ta'aziyya, ta hau kan babban yatsana ta juya mini baya. Rubutun na nan. Har da sa hannuna a ƙasa.

Na zauna gefen ƙofa na warware ɗaya daga cikin Lahadin, don in ga irin kayan da na ci. Komai na ciki: rana mai kyau, motar Kwatarkwashi da kujerar gaba babu kowa, dutsen garinmu, zauren gidanmu, tabarma a shimfiɗe. Babu kowa a kan tabarmar. Na warware ta biyu, haka. Ban iya buɗe ta uku ba.

Na koma rumfar na ce a karɓi taran a ba ni tawa.

“Taka ta tsufa, duk furfura ce a jikinta,” in ji tsohuwar akuyar. Sai a lokacin na lura da abin da take taunawa: Lahadina ce.

Na tambaye ta ina mutanen da ke cikin sababbin.

“Ba a sa mutane a garabasa. Kowa da nasa yake zuwa.”

Na waiwaya. Filin ya faɗaɗa, Baba ya yi nisa har ya koma kamar ɗan tsako. Ya ɗauki askar da kansa. Ina hango hannun yana rawa, gashin da ya aske yana bin ruwa zuwa sama. Na zubar da kwanakin na ruga, amma duk taku ɗaya sai ya ƙara nisa. Can na tuna yadda ake tafiya a garin. Na juya masa baya na fara ja da baya, sannu a hankali. Na san ina matsowa, don ina jin kartar aska tana ƙara kusa, amma ba na ganinsa, kuma na san in na juya zan rasa shi. Na kira shi. Na ji ya fara amsawa, sai tari ya sarƙe shi, ya yi ta yi, ya yi ta yi.

Na farka. Ashe famfon tsakar gida ne ke tari, an kawo ruwa. Matata Tsahara tana jan bokitai a kan siminti. Na tambaye ta yau wace rana ce, ta ce Laraba, in kuma na tashi in miƙo mata baho kafin a ɗauke.

Na ɗauki waya. Saƙon garabasa uku na jira a fuskarta. Na tsallake su na kira Kwatarkwashi. Sai da wayar ta daɗe tana ƙara kafin Baba ya ɗauka.

“Illiya? Wa ya rasu?”

“Babu kowa, Baba.”

“To, madalla,” ya ce. Yana jiran in faɗi dalilin kiran, na ce masa ya ajiye sabulu, ranar Lahadi ina tafe, bokiti na cika a waje.