Toka a Tukunyar Buluberi

Tun ranar da aka sayar da tudun gonarsu, Alton bai ƙara kiran ɗansa Merritt da suna ba. "Kai" yake ce masa, ko "manomin baranda" idan ya tashi da neman faɗa.

Merritt ne ya sa hannu aka sayar, bayan shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da tsohon. Kafin masu saye su zagaye gonar da waya, ya je da shebur ya haƙo saiwar buluberi, ɗan itacen nan mai ƙananan 'ya'ya shuɗaye da suke nomawa, a gindin dutsen da marigayiya mahaifiyarsa take zama ta ci abinci lokacin girbi. Ya dasa a tukwane, ya jera a barandar ɗakin hayarsu a birnin Portland, daidai inda keken guragun tsohon yake fuskanta. Ba wani dogon buri ya ci ba. Shi dai idan Agusta ta zo, ya tsinko 'ya'ya ko cikin tafin hannu ne, ya miƙa wa uban, ko Allah zai sa ya ji sunansa a bakinsa.

Ganye ya fito kore shar. Merritt ya tuna yadda suke cinna wa tudun wuta da zarar ƙanƙara ta narke, ƙasa ta yi baƙi ƙirin, sabon tsiro ya keto ta cikin toka. To, baranda ba wurin kunna wuta ba ne. Sai ya roƙo toka daga murhun wani abokin aikinsa, duk Lahadi ya barbaɗa. Tsohon yana kallo ta bayan gilashi.

Cikin Yuli ganyen ya fara koɗewa. Ya koma rawaya, jijiyoyinsa kaɗai suka rage kore. Merritt ya ɗauka yunwa ce, ya ƙara toka. Gefen ganyen ya ƙone, 'ya'yan da suka fara ƙullawa suka zube tun suna ɗanye.

Wata Lahadi ya tura ƙofar baranda, bokitin toka a hannunsa.

"Baba, dubi ganyen nan. Me ke cinsu?"

"Au, ashe ina gidan?"

"Don Allah, Baba."

"Kai ke cinsu, manomin baranda. Kai da bokitinka." Bakin tsohon ya karkace, amma maganar ta fito sarai. "Itacen nan ƙasa mai tsami yake so. Toka kashe tsami take yi. Wadda ka zuba ko kabarin doki ta isa ta rufe."

"Amma ai muna ƙona tudu."

"Don a rage tsofaffin rassa, sakarai. 'Yar tokar da ta rage iskar teku ta kwashe. Ka taso a gonar nan kana riƙe mini galan ɗin mai, ashe wutar kawai kake kallo."

Merritt ya ajiye bokitin a hankali.

"Tun farko kana gani."

"Idona bai shanye ba."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"Ka tambaye ni? Ranar da ka sa hannu, ka tambaye ni?"

Merritt ya durƙusa ya kwashe tokar da hannu, ya kwarara ruwa har ya zubo wa na ƙasa a baranda, wata mata ta ɗago kai tana zagi. Ya kankare reshe da farce yana neman kore. Busasshe. Ya gwada na gaba, ya ɓalle a hannunsa.

Ya daɗe a durƙushe, gwiwarsa cikin ruwan toka.

"Merritt."

Ya juyo da sauri.

Tsohon ba shi yake kallo ba. "Kwashe su daga gabana. Suna tare mini haske."