Bakan Dargaza na Kamarou

Neman maganin ido ne ya kawo Boureima gidan ƙaninsa Kamarou a Zongon Kwatano. Yanar ido ta rufe masa idanu biyu, har ya kai ba ya gane mutum sai ya yi magana. Likita ya duba shi ya ce sai bayan Babbar Sallah da mako uku za a yi wa ido ɗaya aiki. Sai ya zauna jira a tsakar gida, a kan tabarma, da carbinsa da 'yar rediyonsa.

Ya girmi Kamarou da shekara goma sha shida. Mahaifinsu maharbi ne a wani ƙauye gabas da garin Kandi, can arewa, kuma Boureima ya bi shi daji tun ƙuruciya. Shi kuwa Kamarou yana ɗan shekara tara aka kawo shi Kwatano, ya tashi cikin dilolin gwanjo a kasuwar Misebo, har ya mallaki rumfa biyu. Bai taɓa ɗana kibiya ba a rayuwarsa.

A shekarar ne ƙungiyar 'yan arewa mazauna Zongo ta ce za ta yi bikin al'ada kwana goma bayan Sallah. Cikin abubuwan da aka shirya har da gasar baka: kowa ya sassaƙo nasa da ɗan gatari kaɗai, ba wuƙa, ba zarto, ba magagari, sannan a zo fili a harba. A majalisar ƙofar masallaci aka karanta sanarwar. Ilyas, wani dillalin shanu mai yawan tsokana, ya dubi Kamarou.

"Ga ɗan maharba nan a zaune. Ko da yake shi maharbin wando da riga ne."

Aka yi dariya. Kamarou ma ya yi, amma kafin a watse ya sa aka rubuta sunansa.

Wani direban motar shanu ya kawo masa busassun sandunan dargaza guda biyu daga arewa. Kamarou ya sayi gatari a kasuwar Dantokpa. Da la'asar ya dawo daga rumfa, ya tuɓe riga, ya jingina sanda ɗaya da bango ya hau sara. Bai yi sara ashirin ba Boureima ya rage muryar rediyo.

"Kamarou, itacen girki kake faskarawa?"

"Baka nake yi, Yaya."

"To ka riga ka kashe shi. Na ji kukansa. Kawo in taɓa."

Ya miƙa masa. Tsohon ya bi sandar da yatsu daga kai zuwa gindi, ya tsaya a wani wuri ya danna da farce.

"Nan ka yanke jijiya. Wannan gefen shi ne bayan baka, shi ke kallon nama, ba a taɓa shi da ƙarfe. Ɓawo kawai ake ɓarewa. Duk ragin da za ka yi, a ciki za ka yi shi, gefen da ke kallonka. Ba matarka Labiba wannan ta sa a murhu. Kawo ɗayar."

Tun daga ranar aikin ya zama na mutum biyu. Kamarou ne mai riƙe gatari, ba a taɓa karya doka ba, amma bai cire ko ɓarɓashi ba sai inda yatsan Boureima ya nuna. Tsohon ya koya masa ya riƙe gatarin kusa da ƙarfen, ya daina sara, ya riƙa kankara kamar mai fere rogo. Idan aka ɗan rage, sai Boureima ya kafa kan sandar a ƙasa, ya sa gwiwa a tsakiya, ya tanƙwara ta a hankali yana sauraro.

"Hannun sama ya fi taurin kai. Rage masa nan, kaɗan, kamar kaurin ɓawon albasa."

Inda sandar ta karkace suka shafa mata man kaɗanya, suka gasa a kan garwashi, suka miƙar. Tsirkiya kuwa, wato igiyar bakan, daga fatar saniya Boureima ya sa aka yanko siririn zare, aka jiƙa, ya nuna masa yadda ake murɗawa a cinya. Ya sa shi ya kafa buhun shinkafa cike da tsumma a ƙarshen tsakar gida, yana harbi, shi yana gyara masa tsayuwa da kafaɗa da hannu.

Kwana takwas suka yi a haka. Labiba, matar Kamarou, ta ce tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa jin mijinta ya yi hira mai tsawo da yayansa irin wannan ba. A cikin kwanakin ne Kamarou ya ji yadda mahaifinsu yake dariya, da sunan karensa, da ranar da ɓauna ta kore su suka wuni a kan tsamiya. Abubuwan da bai taɓa tambaya ba ne, don da can in Boureima ya zo, gaisuwa ce da abinci da kuɗin mota.

Ranar gasa aka kafa rumfuna a filin ƙwallon wata makaranta. Kamarou ya ɗaukar wa yayansa zemijan, wato babur ɗin haya, ya zaunar da shi a kujerar gaba cikin dattawa. Mutum goma sha ɗaya suka fito da bakunansu. Uku suka karye tun a jan farko. Na Ilyas ya yi kauri kamar taɓarya, da ƙyar ya ja shi rabi. Da aka zo kan Kamarou ya ja har kunne, bakan ya lanƙwasa daidai sama da ƙasa, kibiya ta tafi ta nutse a ƙwaryar da aka rataye. Ta biyu ta kuskure. Ta uku ta fasa ƙwaryar gida biyu. Fili ya ɗauki ihu.

Dattawan da ke alƙalanci suka karɓi bakan suna juya shi, suna gyaɗa kai. Aka ba shi na ɗaya. Yana tafiya karɓar ragon da aka sa, Ilyas ya rage murya ya ce masa, "Makaho ya yi aiki, mai ido ya kwashi rago."

Maganar ta shige shi. Bai gama haɗiye ta ba mai sanarwa ya kai masa lasifika baki.

"Malam Kamarou, jama'a na so su sani. Kai da ka tashi a birni, wa ya koya maka wannan aiki?"

Kamarou ya dubi taron. Ga manyan unguwa, ga abokan kasuwa, ga Ilyas yana murmushi. Ba dokar da ta hana a ba mutum shawara, ya sani sarai.

"Ba wanda ya koya mini," ya ce. "Abu ne na cikin jini. Ni da gatarina ne kawai."

Aka tafa. Ta cikin tafin ya hango Boureima. Hannuwansa na sama zai tafa shi ma, sai ya sauke su a hankali ya ɗora a kan gwiwa.

A gida tsohon bai tayar da maganar ba. Ya yi masa barka, ya shafa bayan ragon ya ce yana da ƙiba. Labiba ce ta tare mijinta a ɗaki.

"Malam, me Yaya ya yi maka?"

"Bakina ne ya suɓuce."

"To ka je ka gaya masa haka."

Ya ce zai je. Ya fito tsakar gida ya tarar da shi yana lazimi, ya ce bari ya idar. Washegari dila ta iso daga tashar jirgin ruwa, ya fita da sassafe. Kowace rana da dalilinta, kuma kowace rana maganar ƙara nauyi take a bakinsa. Boureima ya koma rediyonsa. In an gaishe shi ya amsa da fara'a, amma labarin daji bai sake fitowa ba.

Aka yi aikin ido, Allah ya ba da sa'a. Ranar da aka cire bandeji suka dawo gida, Boureima ya tsaya a falo yana kallon bango, inda aka rataye bakan kusa da takardar yabo. Ya sauko da shi. Karo na farko ke nan da ya gan shi da ido. Ya daɗe yana dubawa, ya kai shi bakin taga, ya bi bayansa da kallo.

"Wanda ya yi wannan ya iya," ya ce, ya mayar da shi ƙusarsa.

Kamarou na tsaye a bayansa. Ya buɗe baki, sai ya ji kansa yana tambaya ko hasken bai dame shi ba.

Bayan kwana huɗu ya raka shi tashar motar Kandi. Ya saya masa burodi da ruwa, ya ce a gaida mutanen gida. Mota ta tashi.

Sai da aka yi wata guda sannan Kamarou ya miƙe a taron ƙungiya ya ce yana da gyara. Ya faɗi gaskiya tun daga sandar farko da ya lalata. Mutane suka dube shi, shugaba ya ce, "Ai kowa ya sani, Malam Kamarou. Allah ya yi wa Malam Boureima albarka." Aka wuce zuwa maganar gyaran rufin masallaci.

A ranar ya kira yayansa a waya. Ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce, "Yaya, abin da na faɗa a fili ran nan, ka yafe mini."

Yana jin kukan awaki ta can.

"Ba komai, Kamarou. Na yafe. Ruwa ya sauka a wurinku? Mu nan gero ya fara kunno kai."

Ya san da gaske ya yafe, don Boureima ba ya faɗin abin da ba ya nufi. Amma da shekara ta zagayo, tsohon ya dawo Kwatano a yi masa ɗaya idon, a gidan wani abokinsa mai fataucin shanu ya sauka, layi uku daga gidan Kamarou. Ya ce ya fi kusa da masallaci. Kamarou yakan rufe rumfa da wuri ya kai masa tuwon da Labiba ta yi, su zauna a zauren mutane, su gaisa, su yi maganar ido da damina da tsadar mota. In an kira magariba sai ya ɗauki kwanukan ya koma gida.