Kalmar Maƙera

Karo na huɗu ke nan Malam Deli yana karanta ayar da ƙarfi, takardar dab da hancinsa, kuma karo na huɗu tsofaffin da ke zaune a bencin cocin suka gyaɗa kai suna murmushi. Murmushin nan shi ne ya hana shi sakat.

"Tambaye su," in ji Dokta Ngono da Faransanci, tana fifita da bangon littafi. "Da wa annabin yake?"

Ya tambaye su da Kapsiki, harshenmu, ya ja bakinsa ya yi shiru. Dokar aikin ke nan. Mai fassara zai karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba, ya yi tambaya, shi ke nan. Ba bayani, ba kare kai. Abin da kunnensu ya ɗauka shi ne abin da ka rubuta, ko da kuwa Ibrananci ka sha a nono.

"Da 'yan birni yake mana," in ji Iya Masi, tana gyara zaman ƙafarta mai ciwo. "Masu takalmi mai ƙara. Irin yaron nan na gidan Teri da ya dawo daga Marwa yana toshe hanci in ya wuce garken awaki. Allah ya ƙara masa, annabi ya yi daidai!"

Aka kwashe da dariya. Deli ya mayar wa Dokta da amsar, ta ajiye biro ta murza goshi.

Shekara goma sha bakwai Deli ya yi yana juya littattafan annabawa zuwa harshenmu. A wannan littafin babi guda ya rage, a babin ma kalma guda. Dokta Ngono ce ke sa hannu kafin a kai wani abu maɗaba'a, sau ɗaya take zuwa daga Yawunde a shekara, kuma yau da ƙarfe huɗu motarta za ta tashi. Da a da ne, da sai ya ce a bari sai baɗi. Amma likitan ido a Mokolo ya riga ya gaya masa gaskiya: na hagu ya tafi, na dama kuma ba zai kai baɗi da wani abin kirki ba. Ɗigo-ɗigon nan da ke ƙarƙashin haruffan Ibrananci tuni suka ɓace masa, da ka yake cike su. Ba wanda ya gaya wa sai Dokta. Abin da yake so bai wuce ya ga littafin nan an buga shi da ɗan ragowar idonsa ba.

"Deli, ka fi ni sani," in ji Dokta. "Kalmar farko, *ge'ut*, ba ta ba mu wahala ba. Kumburi ce, tashi sama, kowa ya gane girman kai ne. Amma *latson* ba yanga ba ce. Waɗanda annabi ke yi wa tsawa manyan gari ne, masu ibada, masu riƙe da jama'a. Reni ne da ya zauna musu a ciki, har gargaɗin Allah ma abin dariya ne a wajensu. Kalmarka ba ƙarya ba ce, amma ba ta da haƙori. Dubi yadda kowa ke jin daɗi."

"Na duba duk abin da muke da shi, Dokta."

"Kuma masu sauraro huɗu ne a takardata, uku nake gani. Ina maƙerin nan na bara? Shi ya fi kowa kunne. In bai zo ba, ko ina so ba zan iya sa hannu ba."

Dattijo Tizhe, shugaban kwamitin coci, wanda ke jin Faransanci in ya ga dama, ya yi gyaran murya. "Maƙera ai ba a dogara da su, Madam. Ƙila yana wajen wata gawa."

Deli ya san ba gawa ba ce. Bara, da aka kawo shayi, kowa an ba shi kofi, Kwada maƙeri aka miƙa masa a gwangwanin madara. A wajenmu haka ake yi. Su ke ƙera mana fartanya, su kaɗa mana ganga, su binne mana matattu, amma ba a haɗa ƙwarya da su. Deli ya ga gwangwanin a ranar, sarai ya gani, idonsa bai lalace haka ba tukuna. Sai ya juya shafi ya ci gaba da karatu.

Ya ɗauki sandarsa. "Ku ba ni awa guda."

Unguwar maƙera tana can ƙarshen gari, bayan duwatsu. Rana ta take, hanyar kuma duk tsakuwa ce mai gudu a ƙarƙashin ƙafa. Sau biyu ya tsaya ya huta. Gajiyar ba ta yau ba ce, ta daɗe tana bin sa, ta shekara goma sha bakwai na taron kwamiti da wutar lantarki da ba ta zama da gardama a kan waƙafi. Wallahi da akwai wanda zai karɓi aikin nan a hannunsa a kan hanyar, da ya miƙa.

Ya tarar da Kwada a bakin maƙera, wuta ta mutu, yana goga ruwan fartanya da dutse. Shekararsu guda, tare aka shigar da su cikin maza.

"A'a! Yau Ibrananci ne ya ɓata hanya?"

"Sannu da aiki, tsarana."

"Tsaranka? Yau na zama tsara? Lallai wani abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Zauna kada ka faɗo mini a kan garwashi, a ce maƙera sun kashe malamin coci."

Deli ya zauna a kan kututture yana haki. Kwada ya dube shi, ya tashi ya buɗe randa, ya ɗebo ruwa a moɗa ya miƙo.

Ba tunani ya yi ba. Abin da ya fi cin ransa daga baya ke nan. Hannuwansa ne kawai suka haɗu suka yi kwarmi, suka miƙa kansu a ƙarƙashin moɗar, yadda uwarsa ta koya masa tun bai kai tsayin randa ba: in ƙishirwa ta kama ka a gidan maƙeri, a zuba maka a tafin hannu. Shekara arba'in da yin baftisma, shekara uku a makarantar tauhidi, hannu bai manta ba.

Kwada ya tsaya kallon hannuwan. Sannan ya karkata moɗar a hankali.

"Sha mana, yana zubewa."

Deli ya sha. Kunya ta rufe shi har ya rasa inda zai sa ido. Ya goge baki, ya shiga bayani da sauri, kamar mai gudun kada shirun ya yi tsawo. Ya faɗi abin da annabi yake nufi, da irin mutanen da yake yi wa tsawa, da yadda kowace kalma da ya gwada take sauka a kan 'yan birni.

"Shi ke nan abin da ya hana ku barci?" in ji Kwada. Sai ya faɗi kalmar. Guda ɗaya, gajeriya.

Deli ya san ta. Kowa a garin nan ya san ta. Ita ce maƙera ke faɗi ƙasa-ƙasa in sun juya baya bayan an sallame su daga gidan makoki, mu kuma mu yi kamar ba mu ji ba. Yana da akwati cike da katuna a ɗakinsa, kalmomi sun fi dubu shida, ya bi tsofaffi gida-gida ya tattaro su, har sunayen dawa iri goma sha ɗaya. Wannan ba ta ciki. Bai taɓa ƙirga ta cikin harshe ba, maganar maƙera ce.

"Me take nufi daidai-daidai?" ya tambaya, don bakinsa ya saba.

"Kai da ka gama yi yanzu kake tambayata?" Kwada ya koma kan dutsensa. "Ba zagi ba ne. Mai zagi ai ya san kana nan. Wannan shi ne mutum ya gaishe ka da fara'a, ya tambayi iyali, ya kira ka tsara, alhali ya gama da kai tun kafin a haife ka. In ka yi magana ya yi dariya, ya ce yau kuma me ya sami maƙeri."

Deli ya ce, "Za ka zo? Ba za ta sa hannu ba sai da kai."

"Zan zo. Ba don kai ba, kada ka ɗauka. Fuskar Tizhe nake son gani."

A hanya Deli ya yi tuntuɓe da dutsen da ko akuya ta san da zamansa. Kwada ya waiwayo.

"Idon ne?"

"Idon ne."

"Duka biyun?"

"Saura kaɗan."

Kwada bai ce sannu ba. Ya kama ɗaya bakin sandar ya shiga gaba, haka suka ratsa gari, mata na leƙowa ta kan katanga.

Ƙarfe uku ta gota suka iso. Kwada ya zauna a ƙarshen benci, inda maƙera ke zama. Deli ya soke tsohuwar kalmar, ya rubuta sabuwar da manyan baƙaƙe don ya iya gani, ya karanta ayar karo na biyar.

Ba wanda ya gyaɗa kai. Tsoho Sunu, da tun safe yake gyangyaɗi, ya buɗe ido tar.

"Tambaye su," in ji Dokta.

"Da wa annabin yake?"

Iya Masi ta daɗe tana kallon ƙafarta. "Kai, Deli," ta ce. "Wannan kam da mu yake. Da ni, da Sunu, da..." Ba ta ƙarasa ba, ta dai dubi wajen da Tizhe yake.

Tizhe ya miƙe, kujerarsa ta faɗi ta baya. "Wasa ake yi da mu? Maganar maƙera a bakin annabin Allah! A hau bagaden coci ranar Lahadi a karanta wannan, jikokinmu na ji? Deli, ruwan me ka sha a can?"

"Na randa," in ji Kwada. "A tafin hannu ya sha, kwantar da hankalinka."

"Ba da kai nake ba!"

"Na sani, Dattijo. Ba a taɓa yi da ni ba."

Tizhe ya juya wajen Dokta, Faransancinsa ya dawo tsaf. Kwamiti bai yarda ba. In ana son wannan kalma, sai dattawan majami'u goma sha biyu sun zauna, kuma ba sa zama sai bayan girbi.

Dokta Ngono ta dubi agogo. Ta jawo kujerarta kusa da Deli, ta rage murya. Ita ma ta gaji, kwana tara tana kan hanya.

"Sun gane, ba shakka. Wannan ita ce *latson*, da wuya a sami wadda ta fi ta. Amma ba na sa hannu a kan abin da kwamiti ya ƙi. Yanzu masu sauraro sun cika huɗu. In ka mayar da tsohuwar kalmar, zan rubuta cewa ta wadatar, in sa hannu kafin in tashi. Wata biyar littafin yana hannunka. Za ka gan shi, Deli."

Ya dubi takardar. Gefenta duk hazo ne, tsakiyar ce kawai ta rage masa, inda manyan baƙaƙen suke. Yana son littafin nan. Yana son ya ji nauyinsa, ya buɗe, ya ga harshen uwarsa a jere cikin layi. Ya so abin har ƙirjinsa ya yi masa zafi.

"A bar sabuwar," ya ce.

"Baɗi fa ke nan. In ma sun yarda."

"Na sani."

"Baɗi ba za ka..."

"Wani zai karanta. Ai dokarku ta ce mai fassara ya yi shiru, shiru kuwa ba ya buƙatar ido."

Ta rufe biro, ta fara tattara takardu. Tizhe ya ɗaga kujerarsa ya zauna yana huci. Ba wanda ya yi nasara, kowa ya san haka.

A lokacin matar fasto ta shigo da faranti, ba ta san abin da aka yi ba. Kofuna shida, da gwangwanin madara guda a gefe. Ta fara ta wajen Deli. Ya miƙa hannu, ya laluba ya wuce kofunan, ya ɗauki gwangwanin.

"Wayyo, Malam, ba naka ba ne! Ba ka gani ba, na..."

"Na gani, Mama."

Ya kai baki. Bakin gwangwanin yana da kaifi inda aka yanke murfin, ƙarfen ya ɗauki zafi har yana ƙona yatsu. Ya haɗiye da ƙyar, ya sake kurɓa. A waje direban Dokta ya tayar da mota.

Kwada bai taɓa kofin da ya rage a faranti ba. Ya dai zuba wa Deli ido daga ƙarshen benci.

"Yaya?"

"Tsatsa," in ji Deli.

"Haka yake. Sha a hankali, ta gefen da ba ya yanka. Shekara sittin da biyar nake sha a ciki, har yau ban saba ba."