Ranar da Mus'ab Bai Dawo daga Shinkafi ba

Zulaihat ta zo hutu Ƙauran Namoda daidai lokacin da aka yanke layin waya a Zamfara. Digiri na uku take yi a jami'a, aikinta kuma duk lissafi ne a kwamfuta: yadda za a tsare ƙwayar zarra guda mai cajin lantarki cikin tarko, a ƙulla ta da wani ɗan mitsitsin faifai mai karkarwa, har awon ɗaya ya nuna halin ɗayan ko an nisanta su. Ta taɓa yi wa mahaifiyarta, Inna Kubura, wannan bayani suna tsintar wake. Inna ta yi dariya, ta ce Allah ya taimaka.

Ranar Alhamis ƙanenta Mus'ab ya tafi kasuwar Shinkafi, bai dawo ba. Washegari aka fara cewa ɓarayin daji sun tare hanya.

Da hantsi Inna ta same ta a tsakar gida, riƙe da rigar Mus'ab.

"Zulai, abin nan naki da kika ce ɗaya shina sanin halin ɗaya. Ga rigatai, ba a wanke ta ba. Duba mini."

Zulaihat ta dubi rigar.

"Inna, ba haka yake ba. Sai a ɗakin gwaji, cikin sanyin da ya wuce na ƙanƙara. Ko can ma ba a aika saƙo da shi. Wallahi ni ma ban san inda yake ba."

"To mi ne amfaninai?"

Zulaihat ta jawo tabarma, suka zauna. Ranar ko wuta ba a hura ba.

Bayan la'asar suka ji sallama a zaure, muryar da suka sani. Mus'ab ne, idanunsa jajur. Direbansu ne ya ji labarin tun a tasha, ya ƙi tashi, suka kwana can, sai da sojoji suka rako motoci yau.

Inna ta yi sujada nan a ƙasa. Zulaihat ta miƙe za ta kawo masa ruwa, sai ta koma ta zauna tana dariya, hawaye na zuba. Kafin ya gama labari matan unguwa sun cika gidan, ana ta barka.